Kaset ɗin Inna

Rahama ta gaji tun kafin su isa Yelwa. Tun daga Warra take rungume da rikoda da lasifika a cikin buhu, a motar da ke cike da kwandunan busasshen kifi. Mijinta Idi yana gefenta, ya ɗora tsohuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti, a cinya, fuska a murtuke. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa jirgin fasinja mai inji a ruwan Kainji bai taɓa cewa wash ba, amma kujerar mota ta karya masa ƙugu.

Kaset guda ɗaya ne ya fito da su. Lokacin da Idi yake saurayi ya tafi kamun kifi Tafkin Chadi, ya shekara uku. Inna, mahaifiyarsa, ba ta iya rubutu ba, sai ta sa aka ɗauki muryarta a kaset aka aika masa, kamar yadda iyaye suke yi a zamanin. Ta gaishe shi, ta faɗa masa wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta yi dogon labarin akuyarta da ta ɓata, a ƙarshe ta ce ya dawo gida. Ya dawo kuwa, amma ya tarar har an yi sadakar arba'in ɗinta. Tun daga nan, duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya saurari kaset ɗin.

Bara muryar ta fara yi masa nisa. Bana ko ya murɗa ƙarar har ƙarshe, ya ce sai ka ce ana magana a cikin tulu. Ya yanke hukunci cewa amfilifaya ce ta tsufa, zai sayi wata mai sauƙin kuɗi. Rahama ta san ba amfilifaya ba ce. Ƙarar inji ta cinye masa kunne, tun bara sai ta ɗaga murya yake jin ta. Sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa, ta tuna taurin kan mutumin da ta aura, ta rufe. Ba tsoronsa take ji ba, tausayinsa ne ya hana ta.

Shagon Ɗangana mai kayan sauti yana bakin titi, tsakanin wani tela da wata mai suyar kifi da ake kira Ladidi. Ɗangana ya jera musu amfilifaya uku a kan benci.

"Baba, wagga mai fitilu ja da kore, samari ka sayen ta," in ji shi. "An rubuta ƙarfin dubu biyar ga kwali, amma kwali ba ya jin kunyar ƙarya. Wagga ta tsakiya sai waya da filashi, ba ta da ramin da za ka haɗa rikoda. Ƙaramar ga ita ta dace da lasifikarka, kuma ita ta fi araha."

Idi bai ji rabin bayanin ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kai. Haka direbobin jirgi suke gane lafiyar inji, don kunne ba ya rarrabe komai a cikin wannan ruri, sai dai hannu a kan murfi.

Aka haɗa ƙaramar, aka sa kaset. Muryar Inna ta fito tar, har da kukan zakara a bayanta.

"Ƙara," in ji Idi.

Ɗangana ya ƙara.

"Wagga ba ta da rai. Sa mai fitilun."

Aka sa mai fitilun. Idi da kansa ya kama maɓallin ya murɗe shi har ƙarshe. Lasifika ta fara rawa a kan benci. Tela ya tsayar da kekensa. Masu babur a tsallaken titi suka waiwayo, suna jin wata tsohuwa tana gaya wa duk Yelwa cewa akuyarta mai farin goshi ta ɓata. Rahama ta sunkuyar da kai, kunya da gajiya sun haɗe mata.

"Kayan zamani duk na banza ne," in ji Idi da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa.

Ɗangana ya dubi Rahama, ta kauda ido. Ɗan kasuwa ne, ciniki yake nema, kuma da ya so da ya cusa wa tsohon nan mai fitilun ya tura su tasha. Sai ya ɗauko tsohuwar amfilifayar, ya hure mata ƙura, ya haɗa, ya mayar da kaset farko, ya bar ƙarar a ƙasa. Inna ta yi sallama, muryarta garau.

Ladidi ta bar kifinta a kasko ta matso bakin shagon. Ta saurara kaɗan, ta goge ido da gefen zane, ta ce, "Allah ya jiƙan wagga tsohuwa."

Idi bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga idonta. Ya dubi tela, ya ga yana gyaɗa kai. Ya dubi kaset ɗin yana juyawa a cikin rikoda. Daga nan ya juyo ga matarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Rahama, kina jin ta?"

Ta matso da bakinta kusa da kunnensa. "Ina ji, Malam."

"Tun yaushe kika san kunnena ne?"

"Tun bara. Maƙwabta ma sun hardace ta saboda ƙarar."

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Ya zauna a kan benci a hankali, hularsa a gwiwa. Ɗangana ya shiga mayar da kayansa cikin kwalaye, bai ce a saya ba, ba su ce za su saya ba.

Can sai Idi ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a fuskar lasifikar, daidai yadda yake yi wa inji. Ya rufe ido. Muryar tana motsi a ƙarƙashin hannunsa, tana tashi tana sauka.

"Nan ne," in ji shi, bai buɗe ido ba. "Nan ne taka cewa in komo gida."

Inna ba ta kai wurin ba tukuna, tana kan batun akuya. Rahama ta ajiye buhun da ke hannunta, ta zauna kusa da shi, ta kai bakinta kunnensa.

"Nan ne, Malam," ta ce.