Layin da Ya Fara Daga Ɗari Biyu da Arba'in

Ƙarfe tara na safe aka ɗauke wuta. Injin da ke ba Baba iska ya yi ƙara sau biyu, ya mutu. Auta ta jawo tukunyar oksijin daga bayan ƙofa, ta haɗa robar hancinsa, ta murɗa famfon zuwa biyu kamar yadda likita ya ce. Allurar agogon tukunyar tana kan ɗari da sittin. A kan biyu, ashirin take ci a awa, za ta kai su biyar na yamma. Wanta Dogo ya saɓa ɗaya tukunyar da ta ƙare ya tafi ciko. Ya ce kafin uku yana gida.

Ta koma falo kan takardun jarrabawar ɗalibanta. Lissafi take koyarwa. A tambaya ta huɗu an ba su ɗigo biyu, su nemo gangarar layin da ya ratsa su, da inda ya yanki layin tsaye. Rabin ajin sun yi shirme.

Sha biyu ta leƙa ɗakin. Goggo, ƙanwar Baba, tana bakin gado tana yi masa fifita da kwali.

"Malama ta zo zagayen aji," in ji Baba. Ya tsaya ya ja numfashi. "Nawa na ci yau?"

"Sifiri, ba ka sha magani ba."

Ta dubi agogon. Casa'in. Ɗari ya kamata ta gani. Ta ƙwanƙwasa gilashin da farce, allurar ba ta motsa ba. Famfon yana kan biyu. Ta ce a ranta tsohon agogo ne, ta fita.

Ba ta iya gyara takarda ko ɗaya ba. Sha biyu da rabi ta dawo. Sittin da biyar.

Ta juya takardar wani ɗalibi ta ja layi biyu a bayanta, na kwance awoyi daga ƙarfe tara, na tsaye abin da ke cikin tukunya. Ta sa ɗigon casa'in, ta sa na sittin da biyar. Ashirin da biyar a rabin awa, hamsin ke nan a awa. Gangarar ta ninka fiye da sau biyu. Ta ɗora rula ta ja layin ƙasa, ya taɓa sifiri kafin ƙarfe biyu.

Ta ja layin baya, zuwa ƙarfe tara, don ta ga inda ya fara. Ɗari biyu da arba'in. Tukunyar ko an cika ta maƙil ba ta wuce ɗari biyu, kuma da idonta ta ga ɗari da sittin. Ashe ba layin safe ba ne wannan. Wani abu ya canza a tsakani.

Ta kira Dogo.

"Layi har titi," ya ce. "Su ma janareta suke yi. Uku ɗin ma sai an yi sa'a. Lafiya?"

"Tukunyar ba za ta kai biyu ba."

"Ke da kika ce biyar?"

"Na ce."

Ta kaɗa sabulu a kofi, ta shafa kumfar a wuyan tukunyar da duk inda roba ta haɗu da ƙarfe. Babu inda ya yi tsiri. Ba yoyo ba ne.

"Goggo, kin taɓa famfon nan?"

"Ni? Ni da ko rediyo sai an kunna mini? Ki ji tsoron Allah, 'yar nan."

"To wa ya shigo?"

"Aljani," in ji Baba, idonsa a rufe.

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ƙara saurin fifita tana kallon bango.

Auta ta ce za ta ɗora ruwan zafi. Ta fita, ta ja ƙofar ba ta rufe ba, ta tsaya. Ba a jima ba ta ji shuuu ɗin tukunyar ya ƙaru. Ta tsagar ƙofa ta ga hannun Baba ya sauko daga gado, yatsunsa a kan famfon. Ta tura ƙofar. Famfon yana kan biyar.

"Shi ya hana ni faɗa," in ji Goggo. "Ya ce in na buɗe baki ba ni ba shi."

"Munafuka," Baba ya ce, ba ƙarfi.

Auta ta mayar da famfon biyu, ta maƙala masa 'yar na'urar auna iska a yatsa. Lambar ta fara sauka tana kallo. Ta wuce casa'in, ta wuce tamanin da biyar. Ramin wuyansa yana lotsawa da kowane numfashi, leɓensa ya yi toka-toka. Ya kama zanin gado ya damƙe. Da hannunta ta mayar da famfon biyar.

A kan biyu iskar za ta jira Dogo, Baba ne ba zai jira ba. A kan biyar saura awa ɗaya da 'yan mintoci.

"Asibiti za mu."

"Ba ni komawa." Ya huta. "Can na kai uwarku. Da ƙafarta ta shiga."

"Na sani, ina wurin. Goggo, ɗauko hularsa."

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji Goggo, tana kuka tana neman hular a inda ba ta.

A hawa na huɗu suke, lif ya tafi tare da wuta. Auta ta buga ƙofar maƙwabcinsu mai gyaran firij, shi kuma ya ƙwala wa mai gadi kira ta taga. Suka ɗora Baba a kujerar roba, suka ɗaure ƙirjinsa da mayafin Goggo.

"Tsoho, ashe nauyin na bakin ne kawai," in ji mai firij.

Baba bai rama ba. Auta ta so ya rama.

Robar hancin ba ta fi kamu huɗu ba, dole tukunyar ta bi kujerar ƙafa da ƙafa. Auta ta rungume ta a ƙirji, ƙarfen yana danne mata haƙarƙari, ba ta ganin matakalar. Benen ba taga, Goggo ce a baya da fitilar waya, hasken yana yawo a bango. A kwanar hawa na biyu ƙafar kujerar ta yi ƙas. Mai gadi ya durƙusa da gwiwa ɗaya, kujerar ta karkace, robar ta fice daga hancin Baba tana hura iska a banza.

"Riƙe shi! Riƙe shi!"

Auta ta dire tukunyar a kan yatsun ƙafarta, ba ta ji zafi ba. Ta lalubo robar a duhu ta mayar. Baba ya buɗe baki kamar mai hamma, babu sauti, sannan numfashin ya zo. Suka yar da kujerar, mai firij ya goya shi.

Talatin ta rage da suka shiga motar mai firij, Baba a kujerar gaba, Auta a baya cikin tukwanen gas da wayoyi. A mahaɗar titi danja ba ta aiki, motoci sun cakuɗe, kowa na danna oda. Mai gadi ya fita da gudu yana dukan bonet ɗin mutane da tafin hannu yana cewa mara lafiya ne. Wasu suka kauce, wani ya zage shi. Allurar ta shiga ja.

"Saura nawa?" in ji Goggo.

Auta ta rufe agogon da tafin hannunta.

"Da saura."

A ƙofar asibiti nas biyu suka turo gado. Ɗaya ta cire robar daga tukunyar ta soka a bututun oksijin da ke bango, ta murɗa zuwa shida, ta dubi yatsan Baba, ta ƙara zuwa takwas. Tukunyar tasu tana gefe, allurar ta kusa kwantawa a kan sifiri.

Likita ya fito yana sa safar hannu.

"Wace ce tasa?"

"Ni ce. 'Yarsa."

"Zai kwana, ba kuma kwana ɗaya ba. Da kun ƙara rabin awa, wata maganar muke yi."

Aka tura gadon. Baba ya juyar da kansa bango, bai kalle ta ba. Ta zauna a benci, ta cire takalminta. Farcen babban yatsan ya tsage, jini ya cika takalmin.