Rijiyar da Kotu Ta Hana a Rufe

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bakina bai daina ɗaci ba. Na gan ni a wani gari inda inuwa ke riga mai ita isa gida, ta cinye masa tuwo. Ba wanda ya damu da haka, ni ma ban damu ba. Abin da ya dame ni matata ce, Hansai, da na hango a layin wata rijiya riƙe da ƙwarya.

Ruwan rijiyar nan kore ne shar, yana numfashi kamar mai barci. Duk wanda ya sha, in bai kwanta da amai da gudawa yau ba, zai kwanta gobe. Kowa ya sani. A bakinta akwai wani mutum a duƙe, kafaɗarsa jingine da ƙaton murfin ƙarfe da ya turo har rabi. Kurciya ta yi sheƙa a hularsa.

Na ce, "Bawan Allah, ƙarasa turawa mana."

Ya ce, "Ni ne Jatau duba-gari, hukumar lafiya ce ta aiko ni in rufe ta. Ina cikin turawa mai rijiyar ya kai ƙara. Kotu ta ce a bar komai yadda yake sai an gama shari'a."

"Tun yaushe ke nan?"

"Wannan kurciyar jikar ta farko ce."

Ashe tunda an ce a bar komai yadda yake, duk wanda umarnin ya riska a layi dole ya dawo kullum ya sha, don in ya daina ya canza wani abu. Wani ƙadangare cikin kakin ɗan sanda ne ke tsare layin, kome aka ce masa sai ya gyaɗa kai.

Ana haka aka zo wucewa da makara, ƙadangaren ya tare ta. Ya ce mamacin ya raina kotu, an ce kowa ya tsaya yadda yake shi kuma ya je ya mutu. Matarsa na biye tana cewa, "Wallahi, ranka ya daɗe, na hana shi. Ba ya jin magana ne."

Na kama hannun Hansai na ce ta zo mu tafi. Ta zare hannunta a hankali.

"Malam, kada ka ja mana fitina. Ranar da aka ba da umarnin ina layi. Kai da ka iya bakinka, je ka yi musu magana. Amma ka hanzarta, na kusa kaiwa."

Sai ga ni a fadama. Kotun garin ƙafa huɗu gare ta, tana can tana kiwo. Na bi ta da gudu, na kama wutsiyarta na haye. Alƙalin mutum ne mai fara'a, sai dai baki biyu gare shi, ɗaya a kan ɗaya.

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ruwan nan kisa yake yi."

Bakin sama ya ce, "Haka ne, baba. Ni ma ƙanena yana layin."

Bakin ƙasa ya ce, "Doka ta ba hukumar lafiya iko da cutar da ta shiga cikin mutum. Wadda ke zaune a rijiya ba ta taɓa kowa ba tukuna."

"To in ta shiga fa?"

"Sai su zo da gudu. A nan ikonsu cikakke ne."

"Wa zai gyara dokar?"

"Waɗanda suka rubuta ta. Suna hutu."

Ni dai ban yi boko ba, amma na ci kasuwanni, na san in abu ya cije akwai wanda ake gani ta bayan gida. Na zaga kotun nan kaf ina neman mai buɗaɗɗen hannu. Babu. Kowa tsakani da Allah yake aikinsa. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Sai ga ni a bakin rijiya kuma, layi ya zo kan Hansai, an cika mata ƙwarya. Na yunƙura in kaɓar da ita, hannuna ya ƙi tashi. Ƙadangaren ya ce ranar umarnin ba na wurin, saboda haka yanzu ma ba na wurin. Jatau ya sunkuyar da kai, kurciyar ta gyara zama.

Hansai ta dube ni ta ce, "Akwai sauran miya a tukunya, ka ɗumama kafin ta yi tsami." Ta yi bismilla ta kafa kai. Ina jin maƙogwaronta yana haɗiya, ƙwat, ƙwat.

Na buɗe ido, ashe mai garwa ne ke juye jarka a randarmu ta tsakar gida. Daga kwance na ɗaga murya na ce, "Hansai, tambaye shi daga wace rijiya ya ɗebo."

Ta ce, "Ka yi kwanciyarka, Malam. Ai har na sha."