Bakin Karfasa

Saude ta ɗora kwando a ka ta fice, ba ta tsaya jin ƙarshen maganar yayanta ba. Maliki ya biyo ta yana tattare riga don kada ƙarangiya ta kama, Bilki kuma tana riƙe da gefen zanen uwar, tana 'yar sassarfa don kada a bar ta baya.

"Ke Saude, da ke nika magana. Tun daga Isa na taso, ba don in kalli ƙeyarki ba."

"Na jiya, Yaya. Su za a buɗe a tafki, in na makara rabon kihin koma ya wuce ni."

Damina ta biyu ke nan ruwa ya ƙi. Gero ya tsiro ya kai gwiwa ya tsaya, rana ta ƙone shi a tsaye. A ƙauyukan da ke gefen Tsamaye mutane sun koma ga tafasa da 'ya'yan anza, waɗanda sai an kwana ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin ɗacinsu ya ragu. A cikin wannan hali ciwon ciki ya ɗauke Kalilu, mijin Saude, masunci ne ɗan masunci. Ba a jima ba nononta ya ƙafe, jaririn da ke bayanta ya bi uban. Saude, Allah ya jiƙanta, ta rage daga ita sai uwar mijinta, tsohuwa da ba ta iya tashi, sai Bilki 'yar farinta, wadda ba ta wuce shekara shida ba.

Bilkin nan ce Maliki ya zo ɗauka. Yana da tebur na goro a kasuwar Isa, gidansa ana samun garin kwaki sau biyu a rana. Ya faɗi gaskiyarsa tun da ya sauka: baki ɗaya kawai zai iya ƙarawa a kan na gidansa. Saude kuwa ko ya ce ta zo, ba ta barin tsohuwa kwance.

"Ɗiyar fari ce hwa," in ji shi yana haki a bayanta. "Ko da lahiya, ai hannun dangi taka tashi. Mi ag gare ki da kika riƙe ta?"

"Ita kaɗai ta rage min."

"Shi ya sa."

Sun riga sun gangara fadama.

Da can Tafkin Marke yakan kai har gindin itatuwan da aka ba shi sunansu. Yanzu sai an yi tafiya a kan busasshiyar laka kafin a kai ga ruwa. Inda yashi yake, ƙasar duk ramuka ce masu faɗi, zagayayyu, kamar an danna gindin ƙwarya an ɗauke. Bilki ta saki zanen tana tsalle daga wannan zuwa wancan.

"Inna, wa ya gina su?"

"Karfasa. Namijin ka gyara wuri da bakinai, macen ta zo ta zuba ƙwai."

"To ina suka tahi?"

"Sun bi ruwa."

Abin da ya rage na tafkin kore ne shar, mai kauri, yana warin laka. Gansakukar nan ce abincin karfasa, shi ya sa ta daɗe bayan sauran kifaye sun yi ƙaranci. Amma ko ita ta matsu. Da sassafe akan ga bakunansu birjik a saman ruwa suna zuƙar iska. Abin da ya sa Sarkin Ruwa ya ce a buɗe su, wato taron kamun kifi, tun lokaci bai yi ba ke nan: gara a ci da a bar wa balbela.

Mata sun jeru a gefe da kwanduna. Safiyatu, taubashiyarsu, wadda ita ma bandar kifi take yi kamar Saude, ta hango Maliki ta tafa hannu.

"A'a, ga bawana na birni! Da rigar nan za ka shiga ruwa? Tuɓe ka ba ni in yi zane."

"Ke dai har yau ba ki bar roƙo ba. Wa ab bawan wani?"

"Kai mana. Dubi tumbinka, jama'a, mutanen Isa ba su ji an yi fari ba."

Aka yi dariya, irin ta mutanen da ba su da ƙarfin yin ta da yawa. Sarkin Ruwa ya yi addu'a aka shafa, ya ɗaga hannu, maza suka auka da komayensu na kamun kifi. Ruwan da a da sai da gora ake ratsa shi, yau iyakarsa ƙugu. Nan da nan ya dame ya koma kunu.

Saude ta kafa ido a kan komar mijinta, wadda ta ba wani maƙwabci aro bisa sharaɗin a raba abin da ta kamo. Ya dulmiya ta ya ɗago, karfasa suna ta fisge-fisge a ciki. Ƙanana ne, da yawansu ba su fi tafin hannu ba, don idan wuri ya yi musu kaɗan ba sa girma, sai dai su yi ta haihuwa a haka. Da ya ɗaga komar sama, sai wani abu baƙi-baƙi ya zubo ta idon ragar tare da ruwa, kamar an watsa tsabar gero, ya bazu ya ɓace.

"Inna, mi ne wancan?"

Safiyatu ce ta amsa. "Ɗiyan kihi ne. Uwar ta ji an kama ta, ta tohe su. Kin ga sun hice ta raga, ita ko sai wuta."

Kafin rana ta take an gama. Rabon Saude bai kai rabin kwando ba. Ta ɗauka ta miƙe, ƙasa ta ɗan juya mata, ta tsaya cik har abin ya wuce. Ta waiga ta ga ko Maliki ya lura. Yana can suna cacar baki da Safiyatu.

A gida ta ba tsohuwa ruwa, ta hura wutar banda da kara da kashin shanu, ta zauna gyaran kifi. Safiyatu ta shigo da nata don su haɗa wuta, itace ya yi wuya. Maliki ya zauna a kan turmi yana fifita da hula. Ta gasa ƙanana biyu a gefe, ta cire ƙaya ta ba Bilki ɗaya, ta kai wa tsohuwa ɗaya.

"Ke hwa?" in ji Maliki.

"Mai banda hayaƙi ka ƙosar da ita."

"Haka kika ce jiya ga tuwo."

Ta kai hannu kwando ta ɗauko wata karfasa. Wannan ta ɗan fi sauran tsawo, ratsin wutsiyarta ya fito sosai, amma ba ta da nauyi ko kaɗan. Cikinta ya shafe, bayanta ya yi kaifi, sai ƙasan haɓarta ne ya kumbura kamar mai ciwon hangum. Bakin a rufe gam. Saude ta tsaga cikin, babu komai, hanjin fari fes. Ta sa babban yatsa ta ɓamɓare bakin.

Suka zubo mata a tafin hannu, dunƙule guda, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da ɗigon idanunsa biyu. Babu mai motsi.

Maliki ya leƙo ya ja baya. "Subhanallahi. Yunwa ta kai har kihi na cin ɗiyansa?"

"Ba ci ta yi ba," in ji Saude a hankali. "Goyo ne."

"Goyo a baki?"

"Ita ba ta da baya awa mu. Da ta zuba ƙwai, namiji ya bi ta kansu, sai ta kwashe su cikin baki. Nan za su ƙyanƙyashe. In sun ɗan yi wayo ta sake su su yi kiwo kusa da ita, da ta ga abin tsoro ta buɗe baki su koma. Duk kwanakin nan ba ta cin komi. In ta ci, da su za ta haɗiye." Ta shafa haɓar kifin. "Haka mai gidan nan ya nuna min, farkon zuwana."

"Allah mai iko," in ji Maliki.

Safiyatu ta karɓi kifin ta juya shi. "Wagga ta cika riƙo. Da ta tohe awa sauran, da yanzu suna ruwa." Ta jefa ta kan ragar banda. "Ko da yake su ma na ruwan, in sama ba ta zubo ba, wata nawa ya rage musu?"

Saude ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Daga baya ta tona ƙasa da yatsa a gindin danga ta zuba su ta rufe, ta ci gaba da aiki.

Aka kira azahar. Maliki ya tafi masallaci, ya ce daga can zai biya ya gai da mutane, motar 'yan kasuwa mai komawa Isa bayan la'asar take wucewa, da yarinya ko ba yarinya shi zai bi ta. Safiyatu ta tafi duba nata gidan. Saude ta miƙe don ta juya kifi, ta ji kunnuwanta sun toshe, hayaƙin ya yi duhu.

Da ta buɗe ido, a ƙasa take, kumatunta a kan toka. Inuwar danga ta matsa daga inda ta san ta. Gefen zanenta ya ci wuta ya mutu, an tula masa ƙasa. Bilki tana tsugune a kanta, hannuwanta duk toka, yatsu biyu sun ƙone sun tashi. Ba ta kuka.

"Ke, tun yaushe nika nan?"

"Tun ɗazu."

"Don mi ba ki kira Safiyatu ba? Don mi ba ki yi kuwwa ba?"

"Ke kin ce in kin hwaɗi kada in gaya ma kowa. Kin ce in Kawu ya ji shina tahiya da ni."

Saude ta kama 'yan yatsun tana hura musu iska. Ta dubi murhun, ta dubi dangar kara da ke dab da shi, ta dubi ɗakin da tsohuwa ke kwance. Wannan ce faɗuwa ta nawa, ita kanta ta daina lissafi. Ba ta taɓa faɗuwa kusa da wuta ba sai yau.

Ta tashi da dafa bango. Ta ɗebo ragowar ruwan randa, wanda take tattali saboda gobe, ta wanke yarinyar tas har da kai. Ta shafa mata man shanu ɗan kaɗan a yatsun da kuma ƙafa. Ta ɗaure mata riguna biyu a ɗankwali, ta zaɓi kifi mafi kyau ta ƙunshe don matar Maliki. Sannan ta kai ta ɗakin tsohuwa. Tsohuwar ta lalubi kan jikarta ta tofa mata addu'a.

Da Maliki ya dawo ya ga ƙunshin, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ƙonannen zanen, ya fasa.

"Ba ta son yaji," in ji Saude, ba ta dube shi ba. "In dare ya yi takan tashi neman ruwa, a aje mata kusa. Kada a aike ta rijiya."

"To."

"In ta yi laihi a yi mata hwaɗa, kada a buge ta a kai."

"Haba Saude. Ɗiyata ce."

Suka taka zuwa bakin hanya. Safiyatu ta rako su, yau babu ba'a a bakinta. Maliki ya laluba aljihu ya ba Bilki dabino guda don ya rarrashe ta. Ba a jima ba a-kori-kura ta iso, maƙil da mutane da buhunan wofi da akuya ɗaya. Maliki ya hau baya, aka miƙa masa yarinyar ya zaunar da ita a cinya, hannunta ɗaya rungume da ƙunshin kayanta, ɗayan mai ƙunar a ɗage.

Saude ta matso jikin motar. "To, sai ruwa ya sauka in zo in gan ki. Ki yi ma Kawu biyayya, kin jiya?"

Bilki ta dube ta, baki a rufe.

"Ba ki yi min sallama? Hushi kika yi da ni?"

Direba ya tayar da mota, yaran da ke ciki suna ta kallonsu. Saude ta miƙa hannu don ta taɓa ƙafar yarinyar ko sau ɗaya. Sai Bilki ta sunkuyo, ta kai bakinta tafin hannun uwar, ta saki abin da ke ciki. Dabinon ne, jiƙe da yawu, ko haƙori ba ta sa masa ba.

"Ki ci, Inna. Kada ki ba kowa."

Motar ta ja. Saude ta tsaya har ƙararta ta ɓace ta wajen Isa. Safiyatu ta taɓa kafaɗarta ta ce kifi na kan wuta. Saude ta gyaɗa kai, ta sa dabinon a baki, suka juya. Har suka isa gida ba ta tauna ba.