Sajo Ya Haifi Wa?

A Ɗanzomo, in ka ce Dogo, ko akuya ta san wa kake nufi. Amma tambayi sunansa na yanka ka ga yadda dattawan gari za su hau sosa ƙeya. Waɗanda suka ci naman sunansa duk sun kwanta dama, ragowar sa'o'insa kuma yunwar Kakalaba ta kwashe su. Mutum ɗaya ta rage a garin da ta sani, matarsa Iya Kande, ita kuwa ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba. Mace ta kama sunan miji? Tun da aka kawo ta amarya daga Gagarawa, zamanin ba wanda ya taɓa ganin Bature, "Malam" take cewa. In ta ji haushi ta ce "mai gidan nan". In haushin ya kai mata wuya ta ce "wancan mutumin".

Gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniya, yanzu su biyu ne sai kaza ɗaya mai baƙin naci. Ɗansu Ɗanjuma ya yi arewa neman hatsi shekarar yunwa, ya wuce Maigatari, ya ƙetare turakun iyaka da Turawa suka kafa, shiru kake ji. 'Yarsu Murja tana aure a Gumel, sai da salla take leƙowa.

To, Dogo yana da wata ɗabi'a. Kullum safiya, kafin ya sa komai a baki, sai ya zauna kan buzu ya jero kakanninsa yana roƙa musu gafara.

"Mele da ya taso daga Barno ya haifi Kyari. Kyari ya haifi Bukar mai rijiya. Bukar ya haifi Gaji, wanda kura ta cinye wa jaki. Gaji ya haifi Sajo. Sajo ya haife ni..."

Sai ya faɗi sunansa, ya shafa, ya miƙo hannu a ba shi koko. Daidai nan Iya Kande takan ƙirƙiro tari, wai kada kunnenta ma ya yi rashin kunya.

Tsufa ya shigo wa Dogo ta ka. Yau ya nemi hularsa tana bisa kansa, gobe ya gaida kaza ya tambaye ta mutanen Gumel. Iya Kande ba ta damu ba, har tsiya take yi masa. Sai wata safiya bayan an gama yankan gero, ya ɗauko daga Mele, ya gangaro lafiya lau, ya zo kan Sajo ya cije.

"Sajo ya haifi... Ke, Sajo ya haifi wa?"

"Ya haife ka mana, Malam."

"Ni wa?"

"Kai ɗin nan da ke zaune."

"Kar ki maishe ni yaro. Suna nake tambaya."

Ta turo masa ƙwarya, ya ture. "Ban gama ba." Ya koma kan Mele. Har kokon ya huce ya yi fata yana hawa yana gangarowa, kullum a ƙofar Sajo yake tsayawa kamar jakin da ya ga rami. Ruwa kaɗai ya yarda ya kurɓa. Kashegari ma haka.

Maƙwabciyarsu Rabi ta leƙo ta kan danga. "Haba Baba Dogo, ai kai ne Dogo. Sha kokonka."

"Dogo tsawo ne. Wa ya taɓa yanka rago ya ce Dogo?"

Rabi ta ce a aika Gumel a kira Murja. Iya Kande ta harare ta. "Ita 'yar ce za ta kama sunan uban? Ni na rene ta fa."

Da ta ga mutumin ya fara zama da jingina, ta yafa zane ta tafi wajen liman, wani matashi da bai daɗe da zuwa garin ba. Ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, sunan wani Annabi nake so ka je ka faɗa wa mai gidana."

"Wanne, Iya? Ai suna da yawa."

"Ɗan Annabi Ibrahim."

"Isma'ila?"

"Ƙanen."

Liman ya danne dariya, ya biyo ta. Ya tsuguna gaban Dogo, ya bari ya gangaro kan Sajo, ya ce da murya mai daɗi, "Ya haifi Ishaƙ, Baba."

Dogo ya waiga bayansa ya ga wa ake kira. Ya juyo ya ƙare wa liman kallo.

"Kai ɗan wa ne? Jiya ka zo gari, yau za ka raɗa mini suna? Kana nan aka yanka ragon?"

Liman ya tattara rigarsa. A zaure ya ce, "Iya, bakin baƙo ba zai shiga ba. Sai dai naki."

Ta wuni tana kaɗi, zaren yana tsinkewa. Ta tuna uwar mijinta da ta taɓa yabonta gaban mata, wai tun da yarinyar nan ta zo ko baƙo mai irin sunan ba ta taɓa kira ba. Duk waɗanda za ta ji kunyarsu suna ƙasa. Amma bakin ya saba, ina za ta kai shi?

Da safe Dogo bai iya tashi ba. A kwance ya fara, muryar kamar ta sauro. Iya Kande ta ja ƙyauren zaure ta rufe. Ta leƙa danga, Rabi ta tafi rijiya. Ta kori kaza waje, don wannan kazar ba ta da sirri. Ta dawo ta zauna kusa da kansa, ƙwarya a cinya.

"Gaji ya haifi Sajo. Sajo ya haifi..."

Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ta kalli ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ishaƙ."

"Na'am," in ji shi, tun kafin ya yi tunani.

Can ya zaro ido, ya yunƙura kan gwiwar hannu.

"Ke! Sunana kika kama? Haka gatsal? Sai na kai ƙararki Gagarawa!"

"Kai mana. Ka ga wanda za ka tarar."

"Sajo ya haife ni, Ishaƙ," ya ce, yana ɗanɗana shi a baki. Ya shafa. "Allah ya jiƙansu. Miƙo."

Ta riƙe masa ƙwaryar. Ya sha har yana siɗe ludayi, koko yana bin gemu. Da ya gama ya yi gyatsa, ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo mai kirki.

"Allah ya saka, baiwar Allah. Ke 'yar gidan wa ce?"

Iya Kande ta goge masa gemu da bakin zane.

"Ta nan gidan ce," ta ce.

Ta tashi ta ɗebo gero ta jiƙa na kokon gobe.