Tsutsar Haƙorin Manga

Mai maganin ya zaro guntun ƙarfe daga garwashi, ya yi jawur. Ya barbaɗa masa wani baƙin iri ƙanana da ɗigon manja, ya kifa mazurari a kai.

"Buɗe baki, maigida. Kada ka tofar sai na ce."

Manga tela ya kafa baki a bututun yana shan hayaƙi, hawaye na zuba. Matarsa Nasiba ce ta riƙe masa kai. Kuncinsa na dama ya kumbura yana ƙyalli. Ba abin da ba ta gwada ba: kanumfari, tafarnuwa, ruwan gishiri mai ɗumi, har asfirin ta daka ta cusa a ramin haƙorin. Ciwon ya lafa kaɗan, ya dawo kamar ana buga masa ƙusa.

Maƙwabciyarsu Esta ta leƙo ta katanga.

"Maman Hamna, wannan kumburi ya wuce na gida fa. Ku kai shi asibiti su cire."

"A cire?" Dada, uwar Manga, ta miƙe daga tabarma. "Haƙorin sama ne! Jijiyarsa ɗaya da ta ido. In ya makance ke za ki hau masa keken ɗinki?"

Nasiba ma haka ta taso tana ji, kuma makantar ta fi ba ta tsoro.

"Tofa," in ji mai maganin.

Manga ya tofa a kwanon ruwa. Sai ga waɗansu fararen abubuwa sirara kamar zare, a lanƙwashe, suna yawo.

"Kun gan su, ɓarayin? Su ke cin haƙorin. An gama."

Dada ta ɗaga hannu tana hamdala. Nasiba ta ji zuciyarta ta yi sanyi, har ta yi wa Esta murmushi.

* * *

Kumburin bai sauka ba. Ya hau, ya rufe idon. Jikin Manga ya ɗauki zafi kamar dutsen guga, kokon da Nasiba ta dama ma ya kasa haɗiyewa. Dada ta ce ai dafin tsutsar ne ke fita, a yi haƙuri.

Ran Laraba, rana tsaka, ya damƙe zanen Nasiba.

"Wa ya kashe fitila?"

Ba ta dubi Dada ba, ta fita ko mayafi babu, ta buga ƙofar Esta. A bayan a-kori-kurar Matiyu, mijin Esta, suka kwantar da shi, suka nufi asibiti. Tun daga unguwar Mayo Gwoi yake kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa.

Nas ɗin da ta karɓe su ta taɓa fuskar, ta dubi Nasiba.

"Me kuka zauna yi? Ruwan ciwon ya shiga jini."

Bai kai la'asar ba.

* * *

Nasiba na cikin takaba aka yi ruwan farko. Da safe ta ɗauki tsintsiya, ta iso gindin mangwaron da mai maganin ya zauna. Baƙin irin da ya zube masa ya jiƙa, ya tsage. Daga kowace ƙwaya wani farin abu siriri ya leƙo, a lanƙwashe.

Ta durƙusa, ta ɗora ɗaya a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

Can bayan layi muryarsa ta taso: "Mai cire tsutsar haƙori ya zo!" Ta ji wata mata tana cewa, "Shigo, malam, ga yarinyar nan."