Keken Lowell Ya Ƙi Ɗaukar Caji

Sau uku cikin wata guda keken Lowell Brandvold ya mutu a hanya. Na farko a gaban akwatunan wasiƙa, na biyu a bakin wurin iyo. Na uku a gefen babban titi ne, tsakanin unguwarmu da kantin magani, da ƙarfe sha ɗaya na safe, rana tana dukan tsakar kansa. Direban motar shara ne ya tsaya ya ba shi ruwa, ya kira ni.

Ni ne Warren Pruitt, mai kula da unguwar. Ƙananan gidaje tamanin da huɗu ne a bayan garin Yuma, kuma ba a karɓar wanda bai kai shekara hamsin da biyar ba. Tarihi na karanta a jami'a, shi ya sa yanzu nake buɗe magudanar da ta toshe, ina sauraron mutane suna bayanin yadda duniya take a da.

Shekarar Lowell tamanin da ɗaya. Tsohon manomin alkama ne daga Dakota ta Arewa, gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye aiki. Keken batir mai taya uku shi ne ƙafafunsa. Matarsa Arlys ta rasu a watan Fabrairu, mun shiga Afrilu, shi kaɗai yake kwana a gidan.

Ranar Talata 'yarsa Karin ta kira ni daga Minneapolis.

"Mista Pruitt, na saya masa sabon batir. Na saya masa sabuwar caja. Mai gyara ya zo ya auna komai, ya ce lafiya lau. To me ya rage? Mantawa yake yi. Ba ya jonawa, da safe kuma ya rantse ya jona."

Na ce ban sani ba.

"Idan ya manta wannan, me kuma yake mantawa? Maganinsa? Murhu? Ranar Asabar ina zuwa. Na samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ni, takardun suna hannuna. Ba mugunta ba ce, Mista Pruitt. A bakin titi aka tsince shi."

Ba mugunta ba ce, kuma abin da ya fi ɓata mini rai ke nan, don ban sami wanda zan ji haushi ba.

Kafin safiyar Laraba labari ya kai zauren shan kofi. Mutanen zauren kashi biyu ne, masu keke mai taya uku da masu mai taya huɗu, kuma ban taɓa ganin rikicin jam'iyya da ya kai nasu zafi ba. Shugabar masu huɗu ita ce Maxine Tolliver, wadda kekenta ja ya kusa kai ƙaramar motar noma.

"Taya uku!" in ji ta. "Ko kujerar zama ƙafa huɗu ake yi mata. Duk wanda ya hau taya uku ya riga ya amince zai faɗi, ranar ce kawai bai sani ba."

"Ke kuma in za ki juya a cikin kanti sai an kwashe gwangwanayen wake, an kira ɗan sanda ya tsayar da jama'a," in ji Ramiro Ochoa, tsohon makanikin motocin bas. "Ni ko a banɗaki ina juya nawa."

"Mun sani, tsoho. Ai can kake wuni."

Aka kwashe da dariya, daga nan kowa ya zama likitan batir. Wani ya ce zafi ne yake dafa shi. Wata ta ce sai an bari ya mutu murus kafin a jona, wani ya ce haka ne ma ke kashe shi. Maxine ta ce tayar gaba guda ɗaya ce take shanye wuta, don ita kaɗai take aikin biyu. Ramiro ya ce a rubuta wannan magana a aika wa jami'a.

Lowell yana can gefe da kofinsa. Da aka watse ya tare ni a ƙofa, ya ciro wata takarda a ninke daga aljihun rigarsa. Shafin kalanda ne, kowace rana da alamar biro.

"Kullum na jona sai na yi alama, Warren. Ka gani, babu ranar da na tsallake." Ya ninke takardar. "Amma idan kaina ne ya taɓu, ai zan iya yin alamar ban jona ba. Wa zai gaya mini?"

Na ce gobe zan zo da Ramiro.

A ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidansa yake kwantar da keken, kusa da injin wanki. Ɗakin ba shi da taga, ko da tsakar rana sai an kunna ƙwan lantarki. Ramiro ya zo da mitarsa, ya durƙusa yana nishi, ya auna soket, ya auna caja, ya buɗe ƙarƙashin kujera ya taɓa kowace waya. Muka jona, ɗan jan hasken caja ya kama. Muka bar ƙofa a buɗe, muka zauna a inuwar rumfa awa biyu muna shan shayi mai ƙanƙara. Da muka koma, allurar da ke nuna cajin keken ta ɗaga.

"Ya fi ni lafiya," in ji Ramiro. Bai kalli Lowell ba da yake faɗar haka.

Da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da Lowell yake rufe harkokinsa, na dawo ni kaɗai. A gabana ya jona, a gabana jan hasken ya kama. Na yanko tef na liƙe kan cajar da bango, na sa hannu a kai kamar mai rufe akwatin zaɓe, na yi masa sai da safe, na tafi.

Da safiyar Juma'a muka shiga tare. Ya kunna ƙwai. Tef yana nan ba a taɓa ba, jan haske yana ci, allura kuma tana daidai inda muka bar ta jiya. Dare guda cur, ko gezau.

Lowell ya dubi tef ɗin. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka.

"To ba ni ba ne," in ji shi a hankali.

"Ba kai ba ne. Sai dai Karin ba za ta karɓi tef a matsayin shaida ba. Za ta so ta ji ko mene ne."

Na wuni ina gyaran famfon gida na talatin da ɗaya, hankalina yana kan batir. Da biyar ta yi na koma, ba don ina da wata dabara ba, sai don gobe Asabar. Na durƙusa a bayan keken ina bin waya da yatsa. Lowell ya tsaya a kaina na ɗan lokaci, sannan ya ce zai je ya ɗora miya. Ya dogara sandarsa zuwa ƙofa. Yana fita ya ɗaga sandar, ya bugi makunni da bakinta ba tare da ya waiwayo ba, ya ja ƙofa.

Na zauna a duhu ina shirin zagi. Sai na lura duhun ya cika yawa. Babu ko ɗigon ja.

"Lowell! Dawo ka kunna."

Ya buɗe ƙofa yana ba ni haƙuri, ya kunna. Jan haske ya kama.

"Kashe."

Ya mutu.

Sau huɗu muka yi haka, manyan mutane biyu suna wasa da makunni. Wanda ya ja wa ɗakin waya ya haɗa soket ɗin da makunnin ƙwai, kamar yadda ake yi a falo saboda fitilar tebur. Duk wanda ya zo bincike sai ya kunna ƙwai don ya gani, sai ya tarar komai yana aiki. Ɗan cajin da keken yake samu da safe ne, lokacin da Lowell yake zaune a ɗakin yana tsintar kayan Arlys, na bayarwa gefe guda, na ajiyewa gefe guda.

Ya zauna a kan kujerar keken.

"Arlys ba ta yarda a kashe ƙwan nan," in ji shi. "Shekarar da muka zo ta ga kunama a bayan injin wanki. Tun daga ranar, dare da rana sai ya ci. Shekara sha huɗu muna faɗa a kansa. In kashe, ta biyo bayana ta kunna. Ranar da muka dawo daga jana'iza na shigo na kashe shi." Ya shafa gwiwarsa. "Na ce yau dai babu mai kunnawa."

Na ce akwai wani soket a bayan injin wanki wanda ba ruwansa da makunni. Ko kuma, in yana so, ya bar ƙwan yana ci kamar da.

"Mayar da cajar can," in ji shi. "Ba zan bar ƙwai yana ci a banza ba. Arlys ta san halina."

Na ja injin, na mayar da cajar. Ina tattara kayana ya ce, "Ka san Arlys ba ta yarda a kashe ƙwan nan?" Ya sake ba ni labarin kunamar daga farko, da shekara sha huɗun, da ranar jana'izar, kamar bai taɓa faɗa ba. Na saurara. A unguwarmu kowa yana maimaita labari. Amma yawanci sai an kwana.

Karin ta iso da hantsin Asabar a motar haya, da jakar takardu a hammata. Lowell bai bari ta zauna ba. Ya kai ta ɗakin ajiya, ya sa na mayar da cajar tsohon soket don ta gani da idonta.

"Kunna. Kin gani? Kashe. Kin gani? To wa ke mantuwa?"

"Baba, wannan ne kawai? Makunni?" Ta yi dariya har ta dafa injin wanki, daga baya dariyar ta koma wani abu, ta juya mana baya tana neman hankici.

Lowell ya hau kekensa, allura a cike, ya fita titi. Maxine tana wucewa a jan dodon kekenta.

"An tashi matacce!" in ji ta. "Bi a hankali a kwana, tsoho, taya ɗaya ba ta da mataimaki."

"Matsa min, ke babbar mota," in ji shi, ya kewaye ta sau biyu.

Karin ta tsaya kusa da ni a rumfa tana kallonsa.

"Mista Pruitt, kai kake ganinsa kullum. Gaya mini gaskiya. Makunnin ne kawai?"

"Maganar batir, makunnin ne."

Ta kalle ni. Ma'aikaciyar jinya ce, ta saba da irin wannan amsa.

"Sauran fa?"

Na gaya mata labarin kunamar, da yadda ya maimaita mini shi bayan 'yan mintoci. Na ce sau ɗaya na gani, kuma a ranar ne ya gano kansa bai taɓu ba, ga kuma zancen matarsa. Ban san nawa ne na tsufa a ciki, nawa ne na kewa ba.

Ta buɗe jakar, ta dubi takardun, ta rufe.

"Zan ce wa gidan tsofaffin su ba wani mutum ɗakin," in ji ta. "Zan dawo a watan Oktoba. Kafin nan, ran Lahadi duk sati zan kira ka, kuma ba maganar batir zan tambaye ka ba."

Na ce to.

Lowell ya dawo ya taka birki a gabanmu, fuskarsa ta yi ja. Ya tambaye ta ko za ta ci miya.