Hannun Da Ke Cikin Hoton

Mai gyaran agogo ya shekara ashirin a ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai ɗinki da kantin magani. Da waya ta rage wa agogo kasuwa, sai ya kama wata sana'ar a gefe: yana sayen tsofaffin sulalla a intanet, ya sake sayar wa masu sha'awar tarawa.

Wata rana ya sayi sulen azurfa daga wajen wata mata da bai taɓa gani ba. Da saƙon ya iso, ya ɗora sulen a kan teburin aikinsa, ya ɗauki hoto har sau tara. Duk suka fito kamar murfin kwalba. Sai ya koma shafin matar, ya kwafo hoton da ta saka, wanda kowane harafi ya fito raɗau, ya liƙa a nasa shafin.

Da rana matarsa ta biyo ta shagon daga kasuwa. Ta ajiye kwandonta, ta zauna a benci tana duba wayarta, can sai ta ɗago tana danne dariya.

"Baban yara, yaushe ka fara sa zobe mai jan dutse?"

Ya karɓi wayar ya duba. Sulen kawai idonsa ya gani tun farko. Ashe yatsu biyu ne sirara suke riƙe da shi, ɗaya da zobe. Ya kalli nasa yatsun, gajeru, duk baƙin mai.

"Na mai sulen ne," ya ce. "Ai na saya."

"Sulen ka saya. Har da hannunta aka haɗo maka?"

Ya fara kame-kame cewa kowa haka yake yi, amma ta nuna masa ƙasan hoton. Mutum uku sun riga sun yi magana. Ɗaya ya rubuta, "Wannan ai hoton Malama ne, ta sani kuwa?" Nan kunya ta kama shi. Ya goge hannu da tsumma, ya nemo lambar da ke jikin takardar saƙon, ya kira.

Muryar dattijuwa ce ta amsa. Tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ya yi bai rage komai ba.

"Na gani tun da safe, ɗana," ta ce. "Ina jira ne in ga ko za ka kira. Hoton nan sai da na kusa awa a bakin taga kafin ya fito. Da ka tambaya, da na ba ka, ka dai rubuta cewa nawa ne."

"Ki yi haƙuri, Malama. Yanzu zan cire."

"Cire shi ɗin ya fi. Mai saye yana son ganin abin da ke hannunka yau. In sulen ya karce a hanya fa, aka ce ka ɓoye? Kana da baƙin ƙyalle a kusa?"

Matarsa ta leƙa wajen mai ɗinki ta samo guntun baƙin yadi. Malama na kan waya tana ba da umarni kamar a aji: a kashe fitila, a matsa bakin ƙofa, a jingina wayar da wani abu kada hannu ya yi rawa. Ya jingina ta da wani tsohon agogon tebur. A karo na huɗu hoton ya fito, har da ɗan tabon da ke gefen sulen.

Ya cire tsohon, ya saka sabon, ya rubuta a ƙasa cewa hoton farko na Malama ne, ya ɗauka ba da izini ba, ta kuma yafe masa.

Sulen ya kwana shida kafin wani direba ya saya. Amma tun a yammacin ranar da ya saka sabon hoton Malama ta rubuta a ƙarƙashinsa: "Da kyau. Shida cikin goma. A riƙa goge gilashin kyamara."

Ya karanta wa matarsa, ya ce ko a makaranta bai taɓa samun fiye da biyar ba. Ta ɗauki kwandonta tana dariya, shi kuma ya koma kan agogon da ya bari a buɗe.